Mazari da Marufan Tagulla

Wayar ta yi ƙara daidai lokacin da Maman Mazari ke tura gefen zanin gado cikin bakin injin guga, abokiyar aikinta Uwar Biyu na riƙe da ɗaya gefen. Ko ba ta duba ba ta san mai kiran. Maigidanta direban babbar mota ne, ba ya kira da rana. 'Yan'uwanta kuma sun san ba a amsa waya a ɗakin wanki. Makarantar 'yarta ce kaɗai ba ruwanta da wannan doka.

"Ɗauka mana," in ji Uwar Biyu. "Wa ya sani, ko yau kyauta ta ciyo miki."

"Kyautar ɗaukar rai dai," ta ce, ta goge hannu a jikin riga ta laluba aljihu.

Ɗakin wankin yana can ƙarƙashin otal, inda ƙafar baƙo ba ta takawa. Babu taga ko ɗaya. Manyan injuna ne a jere suna juya kaya, tururi na tashi, warin sabulu da maganin cire tabo ya kama bango har ya kama mutanen. Daga sama ake turo kekunan zannuwan gado da tawul da mayafan tebur, kafin a gama da wannan an turo wancan. Tun hantsi ƙafafunta ke fara kumbura, in yamma ta yi sai ta yi kokawa da takalmi kafin ya fita. Ta daɗe da daina cewa ta gaji, don a ɗakin nan babu wanda za ka gaya wa haka ya ji wani sabon labari.

Malamar ajin 'yarta ce a waya. Ta ce don Allah in an tashi aiki a biyo ta makaranta.

Sunan Mazari kakarta ce ta laƙaba mata tun tana goye, saboda ko barci take jikinta ba ya daina motsi. Yanzu shekararta takwas, sunan kuma ya zauna daram. Ba ta da rashin kunya, ba ta dukan 'ya'yan mutane. Zama ne kawai ba ta iya ba. In ta zauna ƙafa ta kama kaɗawa, in an tsawata wa ƙafar yatsu su hau bugun tebur, in an ce ta naɗe hannu sai baki ya ɗauka.

Maman Mazari ta tarar da malamar a ofis ta cire takalmi ƙarƙashin tebur, muryarta ta dishe irin ta wanda ya yini yana ɗaga ta. Mazari na tsaye a lungu tana murza gefen riga.

"Yau kan kabad ta hau," in ji malamar. "Ana tsakiyar darasi. Wai akwai abin da ke ƙara a cikin fanka, tana so ta gani. Kabad ya kife da littattafai. Allah ne ya tsare bai danne kowa ba."

"Akwai abin da ke ƙara," in ji Mazari daga lungu.

"Rufe min baki," in ji uwar, ba tare da ta juya ba.

Malamar ta dafe goshi. "Maman Mazari, ba don in ɗaga miki hankali na kira ki ba. Aji cike da yara, ni kaɗai, ba zan iya tsare ɗaya in bar saura ba. Amma akwai wani dattijo da ya fara zuwa bayan an tashi, yana koya wa yara kiɗa. Irin kiɗan nan na Turawan da, mai goge da sarewa da fiyano, wanda ba a waƙa a ciki. An ce yana buɗe wa yara ƙwaƙwalwa, yana sa su natsu, har a lissafi yana taimakawa. Ni dai haka aka gaya mana a taro."

Zancen ƙwaƙwalwa ta bayan kunnen Maman Mazari ya wuce. Abin da ya shiga shi ne "bayan an tashi".

"Har yaushe suke kaiwa?"

"Har yamma."

"A sa ta."

Da dambe aka ce ana koyarwa har yamma, da ta ce a sa ta. Ta san haka, abin kuma ya ɗan tsaya mata a rai a hanyar gida, amma nauyinsa bai kai na ƙafafunta ba.

Dattijon, Mai Sanda yara ke kiransa, ba don yana duka ba, sai don 'yar siririyar sandar da yake kaɗawa in suna kiɗa. An ce a ƙungiyar makaɗan gidan rediyo ya yi aiki har ya yi ritaya. Dogo ne, ƙugunsa ɗaya ya lalace, in yana tafiya sai ka ce ƙasar ce ta karkace. Tsohon sito aka ba shi a bayan makaranta. Karyayyun bencina a tare gefe guda, fiyano mai jajayen haƙora a ɗaya gefen, sai kayan kiɗan da wata ƙungiya ta kawo kyauta bayan wasu yaran sun gama gajiyar da su. Ranar farko da Maman Mazari ta je ɗaukar 'yarta, tun daga bakin ƙofar makaranta ta jiyo su, kamar ana jan ƙofofin ƙarfe masu tsatsa gaba ɗaya.

Ba a yi nisa ba Mazari ta nuna hali. Ya ba ta ƙaramin goge, ta mayar da sandar jan gogen takobi, ta kuma tsinke tsirkiya. Ya ba ta sarewa, ta gano yadda ake sa ta ƙara kamar usur, ta hana kowa sakat. Wata yamma uwar ta zo ta tarar yara duk sun watse, Mai Sanda na zaune kan kujerar fiyano yana matsa ƙugu, Mazari na zagaye ɗakin tana taɓa duk abin da hannunta ya kai.

"Baba, sannu da aiki. Ta yi wani abu ko?"

"Me ya rage ba ta yi ba?"

Ta tsaya tana jira ya ce kada a sake kawo ta. Har ta fara lissafa maƙwabtan da ba ta riga ta gajiyar da su da roƙo ba.

"Na tsufa da wannan aikin, 'yata," ya ce. "Da na san haka yaran yanzu suke, da na zauna gida na yi kiwon tattabaru. Amma ɗazu wani yaro ya yi kuskure a sarewa, can cikin hayaniya, ni kaina ban kama ba sai da na ga 'yarki ta leƙo ta harare shi. Daga ƙarƙashin benci ta leƙo, kin ji. Kunne gare ta. Jikin ne ya fi ƙarfinta."

"To da gaske kiɗan zai buɗe mata ƙwaƙwalwa? Haka malama ta ce."

Ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Na yi shekara da shekaru ina zama kusa da wani mai goge. In ya ja miki sai kin yi hawaye, amma ko takalminsa bai iya sa wa daidai ba. Ban san zancen ƙwaƙwalwa ba. Abin da na sani, a kiɗan nan dole kowa ya saurari ɗan'uwansa, dole kuma kowa ya jira lokacinsa. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Ya miƙa hannu bayan fiyano ya jawo wasu faya-fayan tagulla guda biyu, kowanne da madaurin fata a tsakiya.

"Murfin tukunya?" in ji Maman Mazari.

"Haka yara ke ce musu, marufai. Ke Mazari, zo nan." Yarinyar ta zo tana tsalle da ƙafa ɗaya. "Ƙarshen zango za mu yi wa iyaye kiɗa. A duk kiɗan nan, daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak ake buga waɗannan. Can kusa da ƙarshe, in komai ya taru ya hau ya hau har ba inda za shi, ke za ki fasa shi. In kika riga lokaci kin ɓata wa kowa. In kika makara kin ɓata wa kowa. Kafin nan ba ki da aikin komai sai tsayuwa."

Maman Mazari ta dubi tsohon, ta dubi 'yarta, ta ce a ranta lallai gajiya ta fara taɓa masa kai. Mazari kuwa ta karɓi marufan ta rungume a ƙirji kamar za a ƙwace.

Gidansu ɗaki da falo ne a saman bene, bango siriri, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka amsa masa. Mai Sanda bai yarda a tafi da marufan gida ba, Allah ya saka masa da alheri, amma ya sa aka tura kiɗan cikin wayar uwar. Daga ranar waya ta bar hannunta. Da ta dawo aiki ta tsoma ƙafafu cikin robar ruwan ɗumi, sai kiɗan ya tashi, goge na ja a hankali kamar mai ciwon baya, Mazari na tsaye tsakiyar falo da murfin tukwane na gaske. Kafin a je ko'ina, ƙwaram! Ta buga. A koma farko. Ƙwaram! Mutumin da ke ƙasansu ya fara zungurar silin da sanda.

Ita dai uwar kiɗan bai yi mata ba. Ba kalma, ba amshi, ba inda za ka kama ka bi. Ta ce wa Uwar Biyu kamar baƙo ne ya zo ya tsaya yana ta gaisuwa, ya ƙi faɗin abin da ya kawo shi. Uwar Biyu ta yi dariya har ta saki gefen zani.

"Ke da ake gyara wa 'ya ta zama likita! In ta fara duba marasa lafiya ki tuna da gwiwata."

Baban Mazari ya kira wata yamma daga tashar manyan motoci, ya jiyo abin a bayan muryarta.

"Mene ne wannan? Rasuwa aka yi?"

"Karatun 'yarka ne."

"Kiɗa? Makaranta na sa ta ko gidan rawa?"

"In ka dawo ka zauna da ita yini ɗaya cur, sai ka je ka cire ta da kanka."

Bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya fi ba ta mamaki, yarinyar ba ta gaji ba, sai dai ta fara kuka. Kullum riga lokaci take yi. Wata rana ta yi jifa da murfin, ya gangara ƙarƙashin kujera yana ƙara.

"Ina ƙirgawa, Mama, wallahi ina ƙirgawa. Hannuna ne yake tafiya da kansa."

"To ki bari mana. Wa ya matsa miki?"

Mazari ta dube ta kamar wadda aka mara, ta shige ɗaki. Uwar ta so ta bi ta, amma ruwan robar bai huce ba tukuna, ta zauna.

Kashegari yarinyar ta dawo da sabon zance. Mai Sanda ya ce ta bar ƙirga, ta saurari labarin.

"Wane labari? Ai ba magana a ciki."

"Akwai. Ya ce kowa ya nemo nasa. Mama ji nawa." Ta kunna. "Nan wata mata ce ta fito tana neman akuyarta. Kin ji sarewa? Ita ce ke kira. Wannan mai babbar muryar mijinta ne, yana cewa ki ƙyale ta za ta dawo. Nan ta ƙi ji. Nan hadari ya taso. Nan duk unguwa an fito ana taya ta nema, kowa na gudu."

"Ke kuma fa?"

"Ni ce lokacin da aka banko ƙofar banɗaki aka gan ta tana cin sabulu."

Maman Mazari ta yi dariya ba ta shirya ba.

Bayan wasu kwanaki tana goge rigar makaranta a falo, ita da ta yini tana guga a wurin aiki, kiɗan na tafiya a bayanta kamar kullum, sai ta ji wani abu ya ɓace a ɗakin. Ta ɗan jima kafin ta gane ƙarar ƙafa ce babu. Ta waiga. Mazari na tsaye, murfi a kowane hannu, idonta kan bango, leɓɓanta kaɗai ke motsi. Aka nemi akuya, aka yi gardama, hadari ya taso, yarinya na tsaye. Sai da uwar ta jiyo ƙaurin riga ta ɗaga dutsen guga da sauri, a lokacin ne murfi ya haɗu da murfi. Ba ta san ko daidai ne ba. Fuskar 'yarta ce ta gaya mata.

A aji kuwa ba wani abin a zo a gani. Malama ta ce lissafi na nan inda yake, ƙafa ma na nan tana kaɗawa. Sai dai yanzu in ana karanta labari takan saurara har ƙarshe, har tana ce wa na kusa da ita su yi shiru. "Ba a dai sake hawa kabad ba," in ji ta, "mun gode Allah."

Ranar kiɗan ta faɗo a mummunan lokaci. Otal ya cika da 'yan wani taro, injin wanki ɗaya kuma ya tsaya tun safe, kaya suka taru har bakin ƙofa. Ta daɗe da neman izinin tashi da wuri, Ogan ɗakin wanki ya amsa, amma ranar sai ya manta ya amsa. Ya ce a gama keken da ke gaba tukuna. Da aka gama aka turo wani. Uwar Biyu ce ta fizge zanin daga hannunta.

"Tafi. In ya tambaya zan ce kina banɗaki."

"Har yamma?"

"Zan ce cikinki ne ya ɓaci. Tafi, don Allah."

A tsaye ta yi tafiyar bas, hannu ɗaya a ƙarfe. Ba ta samu ta canza takalmin aiki ba. Baban Mazari ya kira ya ce mota ta lalace masa a hanya, ta ɗauko masa abin a waya ya gani.

Zauren makarantar ya cika, kujerun roba a jere, fankoki na juya iska mai zafi. Mazari ta ajiye jakarta kan wata kujera kusa da gaba ta kama wa uwarta wuri. Maman Mazari ta ɗauke jakar ta zauna, zamanta na farko ke nan tun fitowar rana. Shugaban makaranta ya yi jawabi. Shugaban iyaye ya tashi ya maimaita jawabin. Sannan yara suka fito da kayan kiɗansu suna tuntuɓe da juna. Mazari na can baya, an ɗora ta kan wani akwati don a gan ta, marufan tagulla na walƙiya a hannunta. Ta hango uwarta, ta ɗaga mata gwiwar hannu. Mai Sanda ya ɗingiso ya tsaya gabansu, ya ɗaga sanda.

A fili kiɗan ba kamar na waya ba ne. Ya fi taushi, ya fi ɗumi, har kurakuran yaran ba su hana shi daɗi ba. Ta ɗaga waya tana ɗauka. Hannun ya yi nauyi, ta sauke shi kan cinya. Ta ji sarewa ta fito neman akuya. Ta ce bari ta lumshe ido kaɗan don ta fi ji, yadda ta ga tsohon na yi.

Tafi ne ya tashe ta.

Mutane na tsaye suna tafawa, yara na rusunawa ba tsari. Wayar na kan cinyarta tana ɗaukar silin. Matar da ke gefenta ta sunkuyo.

"Kin sha aiki, baiwar Allah. Na so in taɓa ki, sai kika ba ni tausayi."

Maman Mazari ta kashe wayar. Ta zauna har jama'a suka ragu, iyaye na jan 'ya'yansu ana ɗaukar hoto, sannan ta tashi ta nufi gaba. Mai Sanda na goge wuya da hankici, Mazari na tsaye gabansa kai a ƙasa. Faɗa yake yi, faɗa na gaske.

"Ban ce ba ki shigo daidai ba. Daidai kika shigo, ko gashi ba zai ratsa ba. Amma me na ce miki? Cewa na yi ki fasa shi! Na ɗaga hannu ina jiran aradu, sai na ji kamar an ajiye cokali kan faranti. Wata da watanni muna abu ɗaya! Tsoro kika ji?"

"A'a."

"To mene ne?"

"Mama ce ke barci."

Tsohon ya juya ya ga uwar tsaye. Ya dubi takalmanta, ya dubi hannayenta da sabulu ya cinye, ya mayar da hankici aljihu. Ita kuwa ji ta yi da ma ƙasa ta tsage ta shige.

"Baba, laifina ne. Ka yi haƙuri."

Ya kaɗa hannu kawai.

Ta durƙusa gaban 'yarta, gwiwoyinta na ƙara. "To buga min yanzu in ji. Da ƙarfinki duka."

Mazari ta girgiza kai. "Ba a buga shi haka kawai. Sai an yi na gabansa. In ba a nemi akuyar ba, me za a gani?"

Sauran yaran duk sun tafi. Maigadi ya fara tattara kujeru yana ɗora su kan juna. Mai Sanda ya dubi ƙofa, ya ce shi fa tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ƙugunsa kuma kamar ana soka masa ƙusa. Ya yi tsaki, ya ja ƙafa zuwa fiyanon da aka turo zauren, ya zauna da nishi.

"Daga inda hadari ya taso kawai."

"Daga farko," in ji Mazari.

"Ke!" in ji uwar.

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama kamar mai kai ƙara. "Daga farko," ya ce.

Maigadi ya miƙo mata kujera, ta ce a'a, ta gode. Ta dafa bayan kujerar ta tsaya kan kumburarrun ƙafafunta. Mazari ta sake hawa akwati. Fiyanon na da haƙori ɗaya da ya mutu, duk inda aka zo kansa sai tsohon ya cike gurbin da muryarsa mai kaushi. Wannan karon ba ta kalli kowa ba sai 'yarta. A gida ta gan ta tsaye daga gefe, ta ɗauka natsuwa ce ta sauko mata daga sama. Yanzu da take kallonta ido da ido ta ga aiki ne. Gumi ya tsattsafo a kan hancin yarinyar. Kafaɗunta na son tafiya tana mayar da su. Sau da yawa hannayen sukan fara matsowa, sai ta cije leɓe ta buɗe su. Duk motsin nan da aka sani yana nan bai je ko'ina ba, riƙe shi take da ƙarfin tsiya, kunnenta na bin tsohon.

Kiɗa ya taru, ya hau, ya ƙara hawa. Mai Sanda ya ɗago kai, Mazari ta haɗa marufan da ƙarfinta duka.

Maigadi ya saki kujerun da ke hannunsa ya yi salati. Ƙarar ta cika zauren, ta shiga haƙoran Maman Mazari ta sauka ƙirjinta. Mazari ta ɗaga marufan sama a buɗe yadda aka koya mata, suna ta rawa a hannunta, ba ta sauke ba sai da sautin ya siranta ya ɓace.

"Kai!" in ji uwar. Abin da ya iya fitowa ke nan. Ta nemi hawaye ba ta samu ba, sai dariya, ta yi ta yi tana riƙe da kujera.

Mai Sanda ya rufe fiyano. "Yawwa. Da haka kika yi ɗazu, da yanzu ina gida na miƙe ƙafa."

Da aka dawo sabon zango ya karɓe marufan ya ba wani yaro da shi ma aka gaji da shi a aji. Mazari ta yi fushi na kwana biyu. Sannan ya zaunar da ita kan kujera, ya jingina mata babban goge tsakanin gwiwoyi, irin wanda ake kafawa a ƙasa, tsawonsa ya kusa nata. Ya ce wannan ba a koyonsa a sito kaɗai, sai an riƙa tafiya da shi gida ƙarshen mako a dawo da shi. Bai tambayi wa zai ɗauka ba. Maman Mazari ma ba ta tambaya ba.

Ranar farko ta rungumo shi cikin baƙar jakarsa daga makaranta har bakin titi, tana hutawa a hanya. Bas biyu suka wuce su, direbobin na ganin kayan suna ƙara wuta. Na ukun ya tsaya. Kwandasta ya dubi jakar sama da ƙasa.

"Mama, mutum ne a ciki?"

"Kakanka ne," ta ce. "Matsa in wuce."

Motar ta kwashe da dariya. Wani saurayi ya tashi ya ba ta wuri, ta zauna ta kafa abin tsakanin ƙafafunta, wuyansa ya jinginu da kafaɗarta. Mazari ta matse a gefenta, ta manna kunne a jikin jakar. Mota ta tashi.

"Mama, yana amsa wa injin mota. Sa kunnenki ki ji."

"Bar ni in huta. Ke dai duba mana hanya kada a wuce da mu."

"Don Allah, sau ɗaya."

Ta karkata kai ta ɗora kunci a jikin jakar. Can ciki itacen na gurnani a hankali, in direba ya taka mai ya ƙaru, in ya saki ya ragu.

"Na ji," ta ce. "Riƙe ƙasan da kyau, ga rami nan gaba."